Sa'ida da Bututun da Ba a Toshe Ba

Sa'ida 'yar Mamman mai ɗinkin hula ce, nan Zaitawa, bango ɗaya ya raba mu. Tun tana ƙarama take da shegen son kwance abu. Sau uku tana farke rediyon ubanta, sau ɗaya kawai ta sake magana. Da ta yi boko sai ta koma rubuta wa kwamfuta umarni, wai sana'a ke nan. Ni dai abin da nake gani, yarinya ta wuni tana hararar gilashi.

Bara wani kamfani ya ba ta gwaji: ta kai aikin kafin la'asar ranar Alhamis, ko a ɗauki wani. Ranar da hantsi na shiga gidansu na tarar ta zuba tagumi, gaisuwar ma rabi ta yi mini. Na tambaye ta wa ya mutu. Ta ce ba kowa, aikin ne ya tsaya cak.

Na ja kujera na ce ta faɗa mini da Hausa. Ta ce ma'aikata biyu ta sa a cikin kwamfutar, ba sa ganin juna, sai bututu a tsakaninsu. Ɗaya yana zuba magana ta wannan baki, ɗayan yana kwasa ta wancan. Mai zubawa ya gama tuni, mai kwasa kuwa ya ƙi tashi, yana ta jira.

Na tambaye ta wa ya gaya masa an gama. Ta koma hararar gilashin.

Na ce, "Ke, kafar bangon nan da muke miƙa wa juna daddawa ni da kakarki Aminat, in na gama, tsumma nake cusawa. Ran da na manta, matar nan ta tsaya da hannu a miƙe har tuwonta ya kama."

Ta ce ai ta rufe bakin bututun. Na ce ta sake dubawa, 'yan boko ko tulu ba sa iya rufewa. Ashe kowannensu baki biyun aka damƙa masa, mai kwasar shi ma yana riƙe da bakin zubawa a buɗe, gogan naka kansa yake jira. Layi ɗaya ta ƙara, aiki ya tashi.

Ana kiran azahar ta tura, suka kuma ɗauke ta. A ofis ta ce musu ita ta gano da kanta. Ban tona mata asiri ba, sai dai sati guda tana share mini tsakar gida.