Tayin Bakin Nilu Sau Ɗaya Ne

A shekarar da na gama karatun koyarwa ba ni da abokiyar hira. Ƙawayena sun watse, kowacce ta tafi garin da aka tura ta, ni kuwa ina jiran tawa tafiyar zuwa wata makarantar ƙauye can yamma, inda aka ce ruwa sai a rijiya. A gidanmu na unguwar Alsahafa, a babban birnin da ke bakin kogin Nilu, babana yakan wuni a gareji, sai ya rage daga ni sai kakata. Ita a goye aka taho da ita daga ƙasar Hausa kan hanyar Makka. Aka yada zango a nan, zangon bai tashi ba har yau.

Kowace Juma'a bayan azahar nakan hau bas zuwa bakin Nilu. Akwai wani nadi a wurin, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ruwa da ba su da inji, sai dogon farin ƙyalle da iska ke turawa. Tun ina ƙarama nake hango su daga kan gada, suna tafiya ba ƙara, kamar tunanin da bai kai ga baki ba. Wata 'yar ajinmu ce ta faɗa mini, kafin ta tafi, cewa ba sai kana da jirgi ko kuɗin shiga ƙungiya ba. Kowane jirgi mutum biyu yake so. Wanda ya rasa na biyu yakan duba dakalin da ke ƙarƙashin darbejiya, ya ɗauki wanda ya samu a zaune.

Na zauna a dakalin. A ranar farko wata dattijuwa ta tsaya a gabana, likita ce daga Omdurman, furfura ta leƙo ta goshinta, ta ɗaure mayafinta tam a ƙugu.

"'Yata, za ki zo? Ina neman ta biyu."

Ina so, amma bakina ya yi abin da aka koya masa. "A'a, Hajiya, na gode. Kallo kawai nake yi."

Na sunkuyar da kai ina jiran ta sake. A gidanmu haka ake yi. Baƙo bai taɓa miƙa hannu a tayin farko ba, mai gida kuma bai taɓa gajiya da maimaitawa ba. Da na ɗago, ta riga ta yafito wani ɗalibi, suna tura jirgin cikin ruwa.

Wasu ma sun yi mini tayi a makonnin da suka biyo baya, na ba su amsa iri ɗaya, suka wuce. Daga nan aka daina. Suka san ni da mai kallo, suna gaishe ni da fara'a su wuce da igiyoyinsu. Nakan zauna har inuwar darbejiya ta kai bakin ruwa, in koma gida da ƙurar dakali a zanena. Iskar arewa kuwa tana raguwa. Na ji suna cewa kogin ya kusa yin ja da ruwan Habasha, za a janye jiragen kan tudu. Kafin a mayar da su na riga na tafi yamma.

Wata ranar Alhamis ina tsince wa kakata shinkafa na ba ta labari. Ita ko gada za a hau da ita, sai ta rufe ido tana salati har a sauka. Na zaci faɗa za ta yi. Dariya ta yi har tana tari.

"Ƙawata, kogin surukinki ne da kike masa kawaici?"

"Ai kunya ce, Kaka."

"Kunya a gaban kwano ake yin ta, don kwano yana jira. Wannan abin naku jira yake?"

Washegari na iske an fara janye wasu jiragen. Likitar tana kwance igiyarta ita kaɗai, ɗalibin bai zo ba. Ta dubi dakalin, ta gan ni, ta ɗaga mini hannu ta ci gaba da aikinta. Na gane ba za ta tambaya ba, don na riga na faɗa mata ko ni wace ce.

Na cire takalmana. Laka ta yi sanyi a tafin ƙafata.

"Hajiya, tayin nan da kika yi mini, yana nan?"

"Wanne? Na watan jiya? Iska ta tafi da shi." Ta dube ni sama da ƙasa. "Da a gidana ne, sai na roƙe ki har ki gaji. Shiga, ki kula da kanki, sandar ƙyallen nan in ta juyo ba ta san baƙo ba."

Aikina kaɗan ne. In riƙe igiya ɗaya, in duƙa idan ta ce duƙa, in koma ɗaya gefen idan jirgin ya karkata. Nauyina kawai take bukata, kuma na daɗe ban ji an bukaci wani abu nawa haka ba. Muka bi gefen tsibirin Tuti, muka kai inda koguna biyu ke haɗuwa, kowanne da launinsa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba. Ba mu yi hira ba. Ruwa ne kawai ke shafar jikin jirgin.

Wannan ce fitata ta farko, ita ce ta ƙarshe. Mako na zagayowa kogin ya yi ja.

Amma a yammacin da na dawo, kakata ta kama gefen zanena da bai bushe ba, ta kai hancinta, ta daɗe tana shaƙa.

"Ashe haka yake ƙamshi," ta ce. Sannan ta turo mini kwano. "Ci abinci."

"Na ƙoshi, Kaka."

Ta sake turowa.