Haƙorin da Nake Sayen Goro da Shi

Ni dillalin goro ne a unguwar Nima, kuma ban taɓa sayen huhu ban ɗanɗana ba. Ido yana nuna maka girma da launi, hannu yana nuna maka nauyi, amma ko goro zai jure tafiya arewa ko zai lalace a hanya, haƙori ne ke faɗa. In ka tauna ya fashe ƙaras, saya. In ya lotsa kamar dafaffen rogo, tashi ka bar shi. Turamen haƙorana na hagu an cire mini su tun ina saurayi, saboda haka turmi ɗaya na ƙasa a gefen dama ne ya ɗauke ni daga dako a kasuwar Tudu har na kafa rumfar kaina.

Shi ne ya tsage wata safiya, tsakuwa ce a cikin shinkafa da wake.

Yayana, wanda ke ɗinki a Maamobi, ya leƙa bakina ya ce, "Je a cire maka shi ka huta. Ni nawa na cire? Ga ni ban mutu ba."

Na ce, "Yaya, kai ba da haƙori kake taka keke ba."

Na tafi wurin wata likitar haƙori a Adabraka. A Kokomlemle ta tashi, tana jin Hausa daidai ta ciniki. Ta ɗauki hoton haƙorin, ta ce saiwarsa lafiya lau, za a iya sa masa hula ya ci gaba da aiki. Na ce a sa.

Ta yi mini allura a dasashi har leɓena ya zama kamar ba nawa ba. Sannan ta kama goge haƙorin da wani ɗan inji mai kuka, ruwa na feshi, wari na tashi kamar ana babbakar ƙafar saniya. Da ta gama na kai harshe, sai na ji ɗan kututture kawai. To, ni na kawo kaina. Ta cusa mini wani abu mai sanyi kamar kwaɓaɓɓen fulawa, ta ce in cije in daure har ya daskare, da shi za a ƙera hular daidai bakina. Ta ɗauko jerin haƙoran roba tana karawa da nawa don ta zaɓi launi, ta kara ta sauya, ta kara ta sauya, can ta yi dariya.

"Baba, babu mai ja irin naka. Ko a yi na zinariya?"

Na ce a'a. A zongo, unguwarmu ta Hausawa, wanda ya buɗe baki aka ga zinariya, Alhaji ne. Ni ban je Makka ba tukuna.

Ta manna mini hular wucin gadi kafin ta ainihin ta iso. Ta ce ban da abu mai tauri, ban da mai danƙo, kuma ban da goro ko kaɗan.

Cikin kwanakin nan wata manomiya daga ƙasar Asante, wadda na daɗe ina sayen kayanta, ta iso da goro. Ga yadda ake yi a wurinmu: mai kaya ya zaro ɗaya ya miƙa, mai saye ya ɓare ya tauna a gaban kowa. In ka karɓa ka ajiye, ka gaya wa kasuwa ke nan kayan ba su da kyau. Na yi niyyar yi mata bayani. Amma muna cikin gaisuwa ta miƙo, hannuna ya ɓare, ya kai baki, yadda ya saba.

Goron ya fashe ƙaras, hular ta bi shi. Iska ta taɓa kututturen kamar an soka mini allura har cikin kunne. Na yamutse fuska, 'yan dako suka tsaya suna kallona.

Ta ce, "Kramo, me ya samu gorona?" Haka suke kiran Musulmi.

Na san in na yi shiru, kafin azahar labari ya zaga cewa kayanta sun ɓaci. Na tofa a tafin hannuna, na ɗaga hular sama kowa ya gani. Na ce, "Maame, goronki ya fi haƙorin likita ƙarfi. A sauke mini duka."

Aka yi ta dariya. Na naɗe hular a ganyen huhu, na hau motar haya ta tiro-tiro zuwa Adabraka.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta duba, ta ce na yi sa'a kututturen bai tsage ba. In ya tsage, babu abin da hula za ta zauna a kai, sai cirewa. Ta wanke ta mayar.

Daga ranar na zazzage goron da ke aljihuna, na daina ajiye shi kusa da hannu. Duk wanda ya kawo kaya, tun kafin ya kwance nake gaya masa bakina yana gyara, ya kai wa maƙwabcina. Kaya masu kyau sun wuce ni ina kallo. Yayana yakan biyo da yamma ya zauna a bencina yana taunawa da ƙarfi don in ji, yana cewa, "Da ka cire da yanzu ka manta." Sai in ce masa ya matsa can.

Da aka kira ni, likita ta cire ta wucin gadin, ta ɗora sabuwar, ta sa ni cije wata 'yar takarda mai shuɗi don ta ga inda ta yi tudu. Ta rage, na sake cijewa, har bakina ya rufu daidai. Sannan ta manne ta. Na tambaye ta goro fa. Ta ce in bari sai gobe, kuma in fara da ƙanana.

Washegari na tauna. Ya fasa, amma ban ji shi yadda na saba ba, kamar taɓa kaya da safar hannu. Na ɗebo goron da na san mai kyau ne da wanda na san ya soma lalacewa, na zauna ina tauna wannan in tauna wancan, kwana da kwanaki, har na gane yadda sabon haƙorin ke ba da labari.

Da manomiyar ta dawo, ta miƙo tana kallon bakina. Na ɓare, na kai dama, na tauna. Na ce a sauke.