Sunan da Verna Ta Kira Kafin Shekara

Verna Kingbird ta yi shekara ashirin da huɗu tana dafa wa yaran makarantar ƙabila abinci, kuma duk wanda ya tashi a bakin tafkin nan ya ɗanɗani ludayinta, ko a kwano ko a ƙeya. Gajera ce, mai faɗa, ga tsabta kamar ta wanke ruwa. Gwiwa ce ta kore ta daga gaban murhu. Tana gida tana zagin gwiwar nan majalisar ƙabila ta aiko mata da saƙo: jami'ar jiha za ta tattara bayani a kan yadda 'yan sandan gunduma da na jiha suke aiki a ƙasarmu ta ƙabilar Ojibwe, mu da Turawa suka tarar a nan, ana neman wanda mutane za su buɗe wa ƙofa. In rahoton ya yi nauyi, ana sa ran jiha ta ba 'yan sandanmu ikon kama duk wanda ya yi laifi a nan, ko da ba ɗan ƙabila ba ne.

Ba ta ce sai ta yi shawara ba. Kowa ya san dalili, ba wanda ya furta.

Ɗa guda ta haifa. A Satumban da ya wuce, lokacin kaɗe shinkafar da ke tsirowa a cikin tafki, ya kai kwalekwalensa mashigar da kakanninsa suke sauka, sai wani Bature da ya sayi filin gefe ya fito da bindiga ya ce a bar masa wuri. Da rana tsaka ne. Ɗan Verna ya buga waya sau uku. Gunduma ta ce ai nan ƙasar ƙabila ce, ya kira nasu. Namu suka ce ba su da iko a kan Bature. Motar gunduma ta iso bayan awa biyu da minti arba'in, ta tarar da gawarsa, Baturen ya harbe shi. Shekararsa talatin da uku.

Haka Verna ta shiga bin gidaje da dogara sanda, jaka cike da fom, aljihu cike da ƙullin taba a jan ƙyalle. Ba ta buɗe baki da tambaya sai ta miƙa tabar, domin wanda ya karɓa ya ɗauki alkawarin faɗin gaskiya ke nan. Malaman jami'a ba su koya mata wannan ba, ita ta koya musu.

Alvin bakanike ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, "Goggo, ke ma ƙidaya mu za ki yi? Sau ɗari aka ƙidaya mu, kullum raguwa muke."

"Rufe min baki. Tun kana aji uku kake ƙarya don a ƙara maka miya. Yaushe aka fasa maka gareji?"

"Afrilu."

"'Yan sanda sun zo?"

"Sun zo mana. Bayan kwana huɗu, suka tambaye ni ko na sha giya ne."

Ta rubuta. Rana, wuri, wanda abin ya shafa, awa nawa aka jira. Kafin bazara ta ƙare ta cika fom ɗari huɗu da goma sha biyu, kuma ba na jin an taɓa yin aiki mai kyansa a ƙasar nan. Amma aikin ya cinye ta. Ta rame, ta daina zuwa wasan kati na mata, ta rage faɗa, wanda shi ya fi damun mu.

A cikin fom ɗin akwai tara da ba suna. Mamatan da ba su cika shekara da rasuwa ba ne, kuma mu ba ma kiran sunan wanda ya tafi sai shekara ta zagayo, don kada ya ji ya waiwayo ya ɓata hanya. Ba a faɗa, ba a rubutawa. Verna ba ta ma ɗauke shi matsala ba. A gurbin suna ta sa "wanda ya tafi", ta wuce layi na gaba. Na tara nata ne, ta cika shi da hannunta a kan teburin kicin wata safiya.

A watan Agusta Dokta Hollis, matar da ke jagorantar aikin a jami'a, ta kira ta. Mace ce mai ladabi, ba za a ce muguwa ba. Ta ce fom tara ɗin ba za su shiga ba, domin sai an haɗa kowane da littafin gunduma, kuma da suna ake haɗawa.

Verna ta ce, "To a jira shekara ta cika."

"Ranar Juma'a nake rufewa, kwamitin jiha ba zai jira ba. Kuma Malama Kingbird, su ne suka fi nauyi. Gunduma tana cewa ta gyara aikinta tun bara. Waɗannan taran kaɗai za su nuna ba ta gyara ba."

Verna ta ɗauki tabarta ta fara da gidan Kaka Philomene, wadda jikarta ta rasu a Fabrairu. Ta faɗi abin da ya kawo ta, ta miƙa ƙullin. Tsohuwar ta bar hannuwanta a cinya.

Ta ce, "Ke da kika yi mata girkin makoki? Yarinyar tana kan hanya, Verna. In na kira ta ta juyo, ke za ki raka ta?"

Gida takwas ta shiga a kwana uku, ba hannun da ya karɓa. Ba ta ga laifinsu ba ko kaɗan. Kunya ta ji, irin wadda ba ta taɓa ji ba tunda take.

Saura nata, kuma saura kwana goma sha tara shekararsa ta cika. Ta yi ta juya abin. In ta yi shiru, za a tashi kamar bai taɓa buga wayar nan sau uku ba. In ta kira, ita da kanta ta tare shi a hanya. Ranar Juma'a da hantsi ta zauna ta buga wa Dokta Hollis, ta riƙe bakin tebur da ɗaya hannun.

Ta ce, "Wendell. Wendell Haugen."

Haugen sunan ubansa ne, wani Bature mai yankan katako da ya tafi tun yaron yana goye, bai bar masa komai ba sai sunan da farar fata.

Ta ji ana danna kwamfuta.

Dokta Hollis ta ce, "Na same shi. Ɗan sandan da ya je ya rubuta shi Bature. An rubuta cewa rikici ne tsakanin Turawa biyu, a filin da ba na ƙabila ba."

"Ni na haife shi."

"Na sani. Akwai takardar neman gyara, tana ɗaukar kamar wata shida. Amma yanzu ba zan iya ƙidaya shi ba. Ki yi haƙuri, da na sani da ban sa ki..."

Verna ta ajiye wayar. Ta daɗe zaune da hannunta a kan bakinta, tsoro da baƙin ciki sun cika ta, ba ta san ko ɗanta ya ji kiran ba.

Rahoton ya fito a Oktoba, an aiko mata da kwafi a ambulan. A shafi na talatin da ɗaya an ce a shekarar da ta gabata ba a tabbatar da ko ɗan ƙabila guda da ya rasa ransa saboda jinkirin 'yan sanda ba. A shafin godiya kuwa sunan Verna ne na farko.