Zinariyar Mama da Allon Baba

Babanmu mai rubuta allon talla ne. Duk layin kasuwar unguwarmu, daga shagon aski har wurin masu facin taya, da wuya ka ga allon da ba hannunsa ba ne. Mai Fenti ake ce masa, har Mama ma in ta ji haushinsa haka take kiransa. Mutum ne mai son wasa da haruffa. In zai aike ni, ni da nake autarsa, sai ya faɗi saƙon a juye, ya tsaya yana dariya har sai na warware. Yaya kuwa, babban wanmu, bai taɓa jure wannan wasan ba.

Wata shekara ɓarayi suka matsa wa unguwarmu. Yau a fasa nan, gobe can. Mama tana da awarwaro da sarƙa da 'yan kunne na zinariya da ta gada daga mahaifiyarta, ta rasa inda za ta sa su. Baba ya karɓa, ya zuba a wani gwangwanin fenti da ya wanke, ya fita da shi. Da ya dawo hannunsa duk ƙasa.

"Malam, ina ka kai min kaya?" in ji Mama.

"Na binne."

"A ina?"

"In na faɗa miki, za ki faɗa wa ƙanwarki, ita kuma bakinta ba ya da ƙofa. Na rubuta wurin, kada ki damu."

Ya nuna mata wani allon ƙarfe. A bayansa ya jera haruffa da baƙin fenti, layi-layi, ba kalma ɗaya da za a iya karantawa. Mama ta dube shi ta ce, "Wannan ai kaza ce ta taka fenti ta bi ta kai." Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ba a rufa shekara ba hawan jini ya kayar da shi a shago. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mun yi watanni muna zaryar asibiti, ba wanda ya tuna da wata zinariya. Dole aka saki shagon, wani mai kemis ya kama haya, aka kwaso gwangwanaye da buroshi aka jibge a ɗakin ajiyar gidanmu.

Magana ta dawo masa a hankali, kalma-kalma. Wata rana da yamma Mama tana matsa masa hannu da man zafi, sai ta ce, "Malam, tunda baki ya buɗe, faɗa min inda ka binne kayana."

Ya sa aka ɗauko allon, ya ɗora a cinya, ya daɗe yana kallo. Sai na ga hawaye yana bin kumatunsa.

"Ban sani ba," ya ce. "Hannuna ne wannan, amma ban san me na ce ba."

Ciwon ya tafi da wurin, ya tafi da dabarar da ya bi ya ɓoye maganar. Mama ta ce a bar zancen, lafiyarsa ta fi mata komai. Yaya ya ce a kawo diga a tone tsakar gida kawai. An tone gindin bishiya da bayan ɗakin girki, ba a samu komai ba sai tsohon takalmi da fasassun kwalabe, mai gidan haya kuma ya zo ya yi mana tas.

Baba ya ce, "Ku ajiye digar nan. Ni na ɗaure, ni zan kwance."

Daga nan allon ya zama aikinsa. Kullum da safe, in ya dawo daga gashin ƙashi, sai a fitar masa da kujera bakin ƙofa, ya jingina allon a bango. Ya gwada karantawa daga ƙarshe. Ya gwada matsar da kowane harafi zuwa na gabansa, sannan na gaban na gaban. Ya ce a maganarmu ba harafin da ya kai "a" yawa, don haka ya nemi wanda ya fi yawa a allon ya mayar da shi "a", ya bi sauran. Abin da ya fito ko mahaukaci ba zai faɗa ba. Ya gwada sunan Mama a matsayin mabuɗi, ya gwada nawa, ya gwada na mahaifinsa.

Maƙwabta suka ji labari. Mai shayin bakin layi ya zo da tasa fassarar, wai allon yana nufin bayan tashar mota. Wani direba ya ɗauki hoton allon a waya ya tura wa abokansa. Yadda maganar ta yi ta yawo, gwangwani ɗaya ya koma tulu cike da zinariya. Baba yakan saurari kowa, ya yi godiya, in sun tafi ya ce min, "Auta, wannan ko sunansa aka juya masa ba zai gane ba."

Akwai ranar da ya yi jifa da allon, har ya lanƙwashe a gefe. Mama ta ɗauka ta kai ɗakin ajiya ta tura bayan buhun gawayi. Washegari na same shi a can, yana jan ƙafa, yana ƙoƙarin jawo shi da sandarsa.

"Baba, ka huta mana. Mama ta ce ta yafe."

"Ita ta yafe. Ni ban yafe ba. Amana ta ba ni."

Likitan gashin ƙashi ya ce ya riƙa motsa hannun hagu da wani aiki. Baba ya ce to, aikin da ya sani ɗaya ne. Ya sa na buɗe masa tsohon fenti, na zuba kananzir ya saki, ya fara koyon riƙe buroshi da hagu kamar ɗan koyo. Farko layin nasa kamar tafiyar tsutsa. Mama takan leƙo ta ce, "Mai Fenti, kazar nan ta dawo ke nan?" Shi kuma ya ce, "Ki jira, za ta koyi tafiya." Kwalayen da ya ɓata sun cika bayan ƙofa.

Da hannun ya ɗan nutsu, sai ya ce zai kwafi allon harafi-harafi, ko hannu zai tuna abin da kai ya manta. Ya fara da buroshi mai kauri. Yana cikin layin farko ya tsaya.

"Auta, miƙo min siririn."

"Wannan ɗin fa?"

"Ba zai yi wannan harafin ba. Dubi ƙafarsa, da siriri na ja shi."

Na duba, ni dai ban ga wani bambanci ba sai da ya ɗora yatsana a kai. Ya ci gaba, yana canza buroshi, yana canzawa. Can sai ya ajiye duka biyun, ya ce, "Ni ban taɓa canza buroshi a tsakiyar layi ba sai da dalili. Wahala ce."

Ya sa na rubuta haruffan siririn buroshi kaɗai, muka watsar da sauran. 'Yan kaɗan ne. A miƙe ba su ce komai ba. Ya karanta daga ƙarshe: ƙasan famfo.

Mama ta fito da ludayi a hannu. "Wane famfo? Gidan nan famfo a bango yake, kan siminti."

"Ba na gida ba," in ji Baba. "Inda nake wanke buroshi."

A bayan tsohon shagonsa akwai wani ɗan lungu mai famfo. Muka ɗauki tasi, ni da shi da Yaya. Mai kemis ya tarbe mu da fara'a, amma da ya ji abin da ya kawo mu fuskarsa ta canza, don ya riga ya malale lungun da siminti, ya ɗora janareta a kai.

"Baba, ina ganin girmanka, amma in aka fasa ba a samu komai ba fa?"

"Ɗana, a samu ko kada a samu, za a mayar maka da simintinka yadda yake."

Ya ce sai ya tambayi mai shagon da ya ba shi haya. Mai shagon ya yi tafiya. Baba ya yi ta komawa, ya zauna a bencin masu jiran magani da sandarsa, yana gaisawa da tsofaffin abokan kasuwa, har masu sayen magani suka fara zaton ma'aikacin wurin ne. Ranar da mai shagon ya dawo, Baba ne mutum na farko da ya gani. Nan take mai shagon ya amince.

Yaya ne ya fasa simintin. Ya yi ta haƙa, gumi yana zuba, har ya fara ƙunƙuni, sai shebur ya daki ƙarfe. Gwangwanin ya yi tsatsa, murfin ya manne, sai da aka sa sukundireba. Ruwa ya shiga, tsumman da aka naɗe kayan ya ruɓe, amma zinariyar tana nan yadda take. Baba ya miƙo hannu. Ya karɓa da hagu, ya ƙi ba kowa ya riƙe har gida.

Ya miƙa wa Mama a tsakar gida. Ta wanke, ta sa sarƙar, ta sa 'yan kunnen. Awarwaron ne ya ƙi wuce tafin hannunta, ko da sabulu.

"Ka ga abin da ka jawo," ta ce, tana dariya tana share ido. "Ka bar su a ƙasa har na yi ƙiba."

Kashegari ya ce in raka shi wurin maƙerin zinariya a buɗa mata su. Muna zaune maƙerin yana aunawa, Baba ya fita ya ɗaga kai yana kallon allon shagon, wanda rana ta cinye rabin rubutunsa. Ya dawo ya ce, "Maƙeri, allonka ya mutu. Zan sake maka shi."

Maƙerin ya kalli hannun daman da ke rataye, ya kalle ni.

"Da hagu zan yi," in ji Baba. "Zai ɗan ɗauki lokaci. Ka sa a sauko min da shi, kuma ka faɗa min kalar da kake so."