Tafintar da Ban Nema Ba

'Yata ta fari tana da farfaɗiya. Lokacin da ta shiga sakandare a Thamesmead, nan London, daga ni sai mahaifinta sai likitanta sai makarantar ne muka sani. Ita da kanta ta roƙe mu kada mu faɗa wa kowa a cikin Hausawan da muke hulɗa da su, ni kuma ban musa mata ba, domin na san mu. Tun ina yarinya a Kano na ga yadda ake darewa idan mai wannan ciwo ya faɗi, kowa yana tsoron kada yawunsa ya taɓa shi.

Wata rana makarantar ta aiko cewa ba za ta riƙa bin 'yan ajinsu zuwa koyon iyo ba, wai don lafiyarta. A council nake aiki, wato ƙaramar hukumar yankinmu, na san dokar ƙasar nan ba ta yarda a ware yaro saboda larurarsa ba, dole makaranta ta nemi hanyar da zai yi abin da kowa yake yi. Na nemi a zauna da ni, aka sa rana, na tafi da shirina, yarinyar tana gefena.

Abin da ban shirya masa ba shi ne tambayar farko. Malamar da ke kula da yara masu larura, wata Baturiya mai fara'ar da ta wuce kima, ta ce kafin a fara in faɗi abubuwan da nake alfahari da su game da 'yata. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, balle yana zaune yana ji. Haka mahaifiyata ta yi wa yayana har ta koma ga Allah, kuma zaman London bai kankare min wannan kunyar ba. Na sunkuyar da kai na ce yarinyar tana ƙoƙari. Malamar ta sake tambaya a hankali, tana rarrabe kalmomi kamar mai ba jariri koko. Na sake cewa tana ƙoƙari. Ta dubi mayafina, ta dubi nas ɗin makarantar, ta ce tana zuwa.

Ta dawo da wata Bahaushiya da ke raba wa yara abincin rana a makarantar, ko rigar aikinta ba ta cire ba. Na san ta sarai. Anti muke ce mata, ta girme ni nesa ba kusa ba, ita ke dafa shinkafar kowane suna, kuma tare muke zama a Islamiyyar Asabar a Woolwich. Malamar ta sanar da ni, tana murmushin wadda ta yi abin kirki, cewa ta samo min wadda za ta yi min tafinta daga cikin mutanena. Ba ta tambaye ni ko ina so ba. Ni kuma ta yaya zan dubi babba in ce ta fita, a gaban baƙi? Sai na ji kaina ina gaishe ta har da russunawa.

Nan aka baje komai. Maganin da take sha, irin faɗuwar da take yi, da ranar da abin ya kama ta a banɗakin makaranta har fitsari ya kufce mata. Anti tana juya min Turancin da na fi ta iyawa, tana haɗawa da Allah sarki. Yarinyar ta kafa wa takalminta ido har aka tashi. A ƙarshe sun yarda za ta yi iyo, wani ma'aikaci zai tsaya a bakin ruwa saboda ita. A waje Anti ta dafa kafaɗata ta ce in kwantar da hankalina, maganar ta mutu a cikinta.

Ba a jima ba aka yi suna a wani ɗakin taro a Peckham. 'Yan matan da suka tashi tare da 'yata kullum a tire ɗaya suke ci, tun suna rarrafe. Ran nan da aka kawo tirensu, sai uwar biki ta miƙo wa 'yata nata abincin daban a robar take-away, da cokalin roba, ta nuna mata wata kujera a gefe. Ina kallo wata ta fizge kwalbar lemon 'yarta daga kusa da ita. Wata kuma ta zo ta raɗa min cewa akwai malami a Zariya da ke yin ruƙiyya ta waya, yana da kyau a kan irin wannan. A bas muna komawa gida yarinyar ta cire ɗankwalinta ta cusa a jaka. Ta gaya min cewa ƙawarta, wadda suke kwana a gidajen juna, ta tambaye ta ko gaskiya ne tana fitsari a wando. Ta ce ba za ta ƙara zuwa Islamiyya ba, ko suna, ko gaisuwar Sallah. Ba ta yi kuka ba, ni ce na juya fuskata wajen taga.

Maganar fitsarin nan a ɗaki ɗaya kawai aka taɓa yin ta. Ban buƙaci bincike ba. Abin da zuciyata ta fara ba ni shi ne in hau benen su Anti in jawo ta waje da wuyan riga, maƙwabta su sha kallo. Mijina ya ce in yi haƙuri, in bar wa Allah. Na ce masa na ji, zan bar wa Allah nasa, amma nawa hannun ma ba a ɗaure yake ba.

Na kai ƙara wurin shugaban makarantar da kwamitin da ke sa ido a kansa, na kuma sanar da su cewa idan suka yi min wasa zan wuce hukumar da ke kare sirrin bayanan jama'a. Bayanin lafiyar yaro amana ne a hannun makaranta, ba a buɗe shi gaban kowa sai da izinin iyaye. A wurin aikina duk shekara sai an zaunar da mu an nanata mana wannan. Da aka sake zama da malamar nan, na yi mata Turanci a hankali, ina rarrabe kalmomi yadda ta yi min, na tambaye ta ko tana fahimta ko in samo mata wani daga cikin mutanenta. Fuskarta ta yi ja har kunne. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Makarantar ta amsa laifi. Malamar aka tura ta kwas, Anti kuma aka dakatar da ita har kwamiti ya zauna. Na lura da bambancin, wadda ta buɗe ƙofar ta tsira da kwas, wadda ta shigo ita ce aikinta ke lilo. Na rubuta musu a kan wannan ma, ba don a sassauta wa Anti ba, don a ƙara wa ɗayar.

Daga nan wayata ta daina hutawa. Wai na kai 'yar'uwa Musulma ƙara gaban Turawa, wai zan raba mace da abincinta. Har surukata ta kira daga Kano tana min faɗa, a nan na gane cewa labarin 'yata ya ƙetare teku. Duk masu kiran nan babu wadda ta kira ni ranar da aka ba yarinya cokalinta daban. Na riƙa amsa musu da to, to.

Ranar Lahadi bayan la'asar, ana gobe kwamiti zai zauna, malamarmu ta Islamiyya ta zo flat ɗinmu da Anti a bayanta. Na shimfiɗa musu darduma, na kawo shayi da cincin, domin baƙo baƙo ne ko da ka tsane shi. Malama ta yi dogon wa'azi a kan falalar yafiya, sannan ta zo kan abin da ya kawo su: in gaya wa kwamiti cewa da yardata Anti ta zauna a taron, kuma in janye sauran. Anti tana ta matsar hawaye da gefen mayafi. Na bar su suka gama tsaf, sannan na ce haƙƙin ba nawa ba ne, bari in kira mai shi.

Yarinyar ta fito ta tsaya a bakin ƙofar falo, ba ta zauna ba. Anti ta miƙa mata hannu.

"'Yata, ki yafe min. Wallahi don a taya ki da addu'a na faɗa."

'Yata tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, kamar duk yaran da aka haifa a nan. Ran nan sai ta tattaro 'yar Hausar da take da ita, tana tuntuɓe a kanta.

"Anti, kina wurin da nurse ta ce ba a catching ɗinsa, ba a ɗauka. Ke kika faɗa wa Mummy da Hausa. Me ya sa shi ba ki kai musu ba?"

Anti ta janye hannun da ta miƙa. Malama ta sunkuya tana juya cokali a shayin da ya riga ya huce. Yarinyar ta ɗan jira, sannan ta koma ɗakinta ta ja ƙofa a hankali.

Na raka su bakin ƙofa. Malama tana sa takalmi ta ce in yi tunani kafin gobe, na ce na riga na yi. Washegari na je gaban kwamiti na faɗi komai, ban rage ko kalma ɗaya ba, kuma Anti ba ta koma wannan aikin ba. Ban yi nadama ba, har yanzu idan muka haɗu a kasuwar Woolwich ita ce take sauya hanya. Yarinyar ta iya iyo, ta fi ubanta ma. Amma duk Asabar ni kaɗai nake hawa bas zuwa Islamiyya, ita tana ɗakinta.