Ranar da Inna Ta Ɓoye Ni a Rumbu

Yau na raka jikata firamare, na tarar iyaye suna turereniya a bakin ƙofa, kowa na roƙon a ɗauki ɗansa. Sai na tuna rumbun Inna.

Zamanin Turawa ne, muna zaune a garin Jajaye. Aka ce 'yan aiken hakimi sun iso, suna kama yara zuwa makarantar elementare a Ƙaraye. A lokacin, gani ake duk yaron da aka kai boko ya bar sallah ke nan.

Inna ta cusa ni cikin rumbun gero ta rufe. Ga duhu, ga ƙaiƙayi.

Na ji ɗan aiken ya ce, "Baiwar Allah, ina yaron gidan nan?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, yana Beli wurin kawunsa."

Sai atishawa ta ƙwace mini.

Ni ne ɗan farinta, don haka saboda kunya ba ta taɓa faɗar sunana ba. Amma da aka zaro ni aka ja hannuna, sai ta biyo mu har bakin hanya ba mayafi, tana ihu, "Sule! Sule!"

Na yi karatun, ban kuma bar sallah ba. Sai dai har ta rasu ban sake jin sunana a bakinta ba.

Ku a gidanku, wa aka fara kaiwa boko? Da murna ya tafi, ko da kuka?