Wuyan Malam Kuramochi

Daga Litinin zuwa Juma'a, Malam Kuramochi mai gyaran kekuna ne a garin Kumagaya. Asabar da Lahadi kuwa, a bakin kogin Tone, shi ke koya wa ɗaliban jami'a tuƙa jirgin sama mara inji. Shekara talatin da ɗaya kujerar baya tasa ce, kuma ba ya nufin barinta da ransa.

Sai dai wuyansa ya sage, ya daina juyawa hagu. Kowa ya sani, ba wanda ya faɗa. Jirgin dama yana da inda ido ba ya kaiwa, ƙarƙashin ciki da bayan ƙeya, ga hagun Malam ya ƙaru. Maimakon a yi masa magana, ƙungiyarsu ta masu tuƙin jirgin ta sayo na'urar da ke ƙara idan wani jirgi ya matso.

"Ba ta da tarbiyya," in ji Malam. "Babba na magana tana tsoma baki." Ya rage mata murya har ta koma kamar sauro.

Wata Lahadi ya tashi da Tokue, 'yar aji ɗaya, tana kujerar gaba. Yana tsakiyar labarin yadda ya taɓa yin awa shida a sama, ta hango farin jirgi yana gangaro musu ta hagu. Ta jira ya ja numfashi. Bai ja ba.

"Malam, a gafarce ni, ban so in katse ka ba, amma..."

"Ke 'yar nan, bari in kai aya mana."

Ta danna sandar tuƙi gaba da ƙarfi, jirginsu ya yi ƙasa. Inuwa ta gifta ta kansu, kusa har Malam ya ga lakar da ke jikin tayar. Bai ƙarasa labarin ba.

Da yamma shugabanni suka zauna. Malam yana jira a ambaci wuya. Ba a ambata ba. Aka rusuna masa, aka naɗa shi Babban Mashawarci, aka ajiye masa kujerar roba a ƙarƙashin rumfa, inda darajarsa ta fi ƙarfin ya sake tashi sama.

Tokue kuwa aka sa ta rubuta takardar ban haƙuri, don ta motsa sanda ba izini. Aikin Malam na farko a sabon muƙami shi ne duba takardar. Ya sami kuskure biyu, ya ce ta sake.